Kada Ki Kwantar da Kofinki a Erzurum

Greensboro, ranar Lahadi, ana jibi za ki tashi.

Assalamu alaikum, Ummi, uwata ta kaina.

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa, tunda sunan mahaifiyata kika ci. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, da yatsunki duka a jikinki, babu wanda sanyi ya tafi da shi. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare ki a hanya da ɗaki da aji, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki.

Na san yadda kika tsinci takardar nan. Kin zura ƙafa a takalmin sanyi na hagu, kin ji abu ya tokare ki, kin yi tsalle kin ce kunama. Kwantar da hankalinki, babu kunama a Erzurum, sanyi bai bar ko ɗaya ba. Ni ne. Da a filin jirgi na miƙa miki ita, da kin karanta tsakanin fim da fim, ki ce "Baba ke nan," ki cusa ta a aljihun kujera. Amma ranar da muka sayi takalmin nan kin rantse ba za ki sa shi ba, kin ce ya yi kama da na masu kashe gobara. To na san duk ranar da kika sa shi, sanyi ya fi ƙarfin gayunki. Ranar nake so mu yi magana.

Bari in fara da abin da ke tsakaninki da Mamanki. Kun ɗauka ban ji ba. Ina kwance a falo na rufe fuska da hula ina minshari, ku kuna kicin kuna ɗaure kuka da daddawa a leda, ta ce miki, "Ke dai in kin ji ba za ki iya ba, watan Disamba ki kira ni, ni na san yadda zan yi da babanki, ki dawo gida abinki." Kika ce, "Okay, Mama." Ummi, duk zamanki a gidana ba ki bambance minsharina na gaskiya da na ƙarya ba? Na gaskiya ba ya tsayawa in an ambaci sunana.

Ban ga laifin Mamanki ba, uwa ce. Amma ni da ke mun san abin da dawowar Disamba take nufi. Makarantar da ta ba ki gurbin karatun likitan haƙori ba za ta ajiye miki kujera ba, wani za a ba. Kuma mun taɓa ganin irin wannan. Kin fara kwalejin nan ta cikin gari, zango ɗaya kika ce malaman ba su yi miki ba. Kin fara aiki a kantin magani na Gate City Boulevard, kika ce tsayuwa ta yi yawa. Ban yi faɗa ba, sai tsokana, ina kiranki Hajiya Fara-ki-bari. Wannan karon ba tsokana nake ba. So nake ki kai ranar da ƙanƙara za ta narke a garin nan, kina cikinsa, kina zuwa aji.

Kin tuna ranar da saƙon ya zo? Istanbul kika nema, aka ba ki Erzurum. Kika miƙo min waya ido jawur kika ce, "Baba, ina ne kuma nan?" Na duba, na kwashe da dariya har na zame daga kujera. Kika ce, "It's not funny," kika shige ɗaki. Ba ke nake wa dariya ba. Duk faɗin ƙasar Turkiyya, da garuruwanta na bakin teku masu lemo a bishiya, sai Allah Ya ɗauki 'yata Ya kai ta garin da ya taɓa daskarar min da gashin hanci. Kin sha jin labarin zamana a can, amma da yake ina ƙara gishiri ba ku yarda da ko ɗaya. Yau babu gishiri. To, kaɗan.

Kina goye a Fagge lokacin da na tafi. Istanbul na nufa da niyyar sarin jakunkuna, abin bai yi ba. A masallaci na haɗu da wani mutum da ya ce yayansa a gabas yana neman hannu a shagon carbi. Garinsu akwai wani baƙin dutse mai laushi da ake haƙowa a tsaunukan kusa, a fere shi, a huda, a goge har ya yi sheƙi. Na ce ni da na tashi da allo da carbi, wannan ai aikina ne. Na hau bas. Sunan yayan Jamal, ana ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Matarsa kowa Nene yake ce mata, kamar a ce kaka.

Wautata ta farko tun daga tasha ta fara. Na sauka da farar shadda da hula zanna da silifas na fata. Rana tana haske, sama garau, na ce ashe duk tsoratarwa ce. Usta ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga ciki ya fito da kwat mai warin tunkiya da wani dogon wandon ulu na ciki, mai kama jiki kamar fatar maciji. Kwat ɗin na karɓa don kunya. Wandon kuwa na ce ni? Ɗan Fagge? Na ɗaura shi a sanda na yi tuta da shi a ƙofar shago, masu wucewa suna dariya. Usta ya ci gaba da aikinsa. Mutanen garin nan ba sa gardama da baƙo kan sanyi. Sun san akwai mai yi musu gardamar, yana saman dutse yana jiran lokacinsa.

Wata safiya na ga babban dutsen da ke kudu da gari, Palandoken, ya naɗa farin rawani. Ba a jima ba rawanin ya sauko har bakin ƙofa. Na je masallaci, na yi alwala a famfon waje kamar yadda na saba, na kama ƙarfen ƙofa da jiƙaƙƙen hannu. Ƙarfe ya ƙi sakina. Aka ta da salla, ni ina waje riƙe da ƙofa kamar sabon mai gadi. Sai da wani tsoho, Haji Dursun, ya kawo ruwan ɗumi a buta ya zuba min. Yana zubawa yana magana ƙasa-ƙasa. Daga baya aka fassara min: wai cewa ya yi, "Ɗana, ƙofar ta masallaci ce, ba a tafiya da ita Afirka." Ranar na sauke tutata na sa ta a inda aka yi ta domin shi.

Don haka, dogon wandon da Mamanki ta sa a ƙasan akwati, ki sa shi, babu mai gani. Ki goge hannu kafin ki taɓa ƙarfe. Ki rufe kunne. In kina tafiya a gari ki riƙa ɗaga kai, don ƙanƙara tana rataye a bakin rufi kamar tsinin mashi, kuma da tsakar rana take sakin jiki ta faɗo. Ki nisanci gindin bango. Ki yi tafiyar agwagwa, gajeren taku, kada ki damu da wanda ke kallo, shi ma haka yake yi. In kin hau bene kika ji numfashi ya yi miki gardama, ba ciwo ba ne, garin ne a saman tudu, har huhu ya saba. Kuma ki cire Greensboro daga kanki. Nan in ƙanƙara ta zuba kamar an barbaɗa garin tuwo, an rufe makarantu, kowa ya ruga sayen burodi da madara kamar za a tashi duniya. Can tana kai gwiwa, tsohuwa ta ɗauki jakarta ta tafi kasuwa. Babu malamin da zai ɗaga darasi saboda ke.

Wautata ta biyu a kan shayi ce, kuma ki karanta wannan da kyau, don za mu dawo kanta.

Ranar farko da Nene ta gayyace ni gida, aka kawo shayi a wani ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Babu cokali. Ga sukari a gefe, mai tauri, an sare shi ƙanana-ƙanana. Na ɗebi guda-guda na zuba a kofi, na juya da ɗan yatsa, na ƙone. Nene ta rufe baki da mayafi, kafaɗarta tana rawa. Ashe su ba a kofi suke sa sukari ba. Gutsure ɗaya ake ajiyewa a baki, a riƙa kurɓar shayi yana wucewa ta kansa. Wannan mai sauƙi ne, na koya nan take.

Abin da ban koya ba shi ne yadda ake tsayawa. Ni dai an tarbiyyantar da ni babba ba ya ba ka abu ka bar saura. Na shanye tas. Kafin in dire kofin, Nene ta cika. Na shanye, ta cika. Na dafa ciki na ce alhamdulillahi. Suka amsa da murna, suka ce alhamdulillahi, ta cika. Ita tana ganin baƙonta bai ƙoshi ba, kunya ta hana ta tsayawa. Ni ina ganin uwa ta ba ni, kunya ta hana ni ƙi. Kunyar Hausawa da kunyar mutanen Erzurum suka yi karo a cikin cikina. Na ga tukunyar shayi ta ƙare na ce Allah Ya cece ni, sai na ji ana ɗora wata. Daga ƙarshe ɗansu Orhan, sa'ana ne, ya ga ina gumi ina murza ƙafa, ya miƙo hannu ya kwantar da kofina a gefensa a kan ɗan faranti. Nan take Nene ta ajiye buta. Shi ke nan. Haka ake cewa ya isa a garin nan: ba da baki ba, da kofi.

Na yi ajiyar zuciya. Sai Nene ta ta da kofin, ta cika, ta turo min. Na dubi Orhan kamar zan yi kuka. Ya ce, "Wannan na dole ne. In baƙo ya kwantar da kofi, mai gida yana da ikon guda ɗaya. Ka sha, daga shi babu."

Abin da zan ce miki a nan kaɗan ne. Duk gidan da kika shiga, ki kalli hannun mutane kafin ki motsa naki. Abin da ba ki gane ba ki tambaya, ba a taɓa korar baƙo don tambaya. Kuma kada fuskarsu ta ruɗe ki. Mazan garin suna kiran kansu dadash, wato mutum tsayayye mai ƙarancin magana. A titi fuskarsu a rufe take kamar ƙofofinsu. Ki shiga ciki ki ga murhu. Za a kalle ki, ba shakka, wasu har su nemi hoto. Yawanci mamaki ne, ba raini ba. Ki amsa sallama, ki yi murmushi in kin ga dama. Wanda ya wuce gona da iri kuwa, kina da idon Mamanki, ki ba shi rabonsa.

Ta uku ita ce wadda ba ta ba kowa dariya ba.

Na ga wata hular gashi irin ta sojan Rasha a wani shago, na ara. Na sa ta, na saɓa tsintsiya a kafaɗa kamar bindiga, na banko ƙofar shagonmu ina ihu da ɗan guntun Turkancina, "Rashawa sun iso!" Ina jiran a fashe da dariya. Wurin ya yi tsit, har ƙarar gawayi a murhu ina ji. Haji Dursun, wanda ya ɓanɓare ni daga ƙofar masallaci, yana zaune yana jin ɗumi. Ya ajiye kofinsa, ya ɗauki sandarsa, ya fita bai dube ni ba.

Usta bai yi min faɗa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya ce in biyo shi. Muka hau tudun da ke gabas da gari, inda tsofaffin sansanonin soja suke, na dutse, rabinsu a binne a ƙasa. Daga nan ana ganin garin duka. Da Turkanci da guntun Larabci da hannu ya ba ni labari, Orhan yana cike giɓi.

Ya ce garin nan ƙofa ne. Duk mai son shiga ƙasar daga gabas, ko da raƙumi ko da igwa, ta nan zai bi. Ya nuna min ganuwar da Rumawa suka fara ginawa. Ya nuna min makarantar nan mai tagwayen hasumiya, ta zamanin Saljukawa, inda ɗalibai suka yi karatu cikin wannan sanyin ba tare da hita ba, ki riƙe wannan. Ya ce ginin da shagonmu yake ciki masaukin fatake ne na zamanin Usmaniyawa, ayarin Farisa a nan yake sauke kaya kafin ya nufi Baƙin Teku. Sannan ya ce Rashawa sun shigo garin ba sau ɗaya ba. A wani zuwan, labari ya iso da asuba cewa sun kama sansanin nan da muke tsaye a kai. Aka yi shela daga hasumiyoyi. Mutanen gari suka fito da gatari da lauje da abin da hannu ya samu, maza da mata, har da wata ƙaramar amarya da ta ajiye jaririnta a gida ta hau tudun. Akwai gunkinta a wurin, za ki gani. Shekarunta ba su wuce naki ba.

A zuwan ƙarshe kuwa, lokacin babban yaƙin duniya na farko, mutane suka gudu cikin ƙanƙara. Mahaifin Haji Dursun yana yaro a lokacin. Shi kaɗai ya tsira, 'yan uwansa duk a hanya aka bar su. Usta ya ƙara da cewa akwai Armeniyawa da suka zauna garin tun zamanin da, yanzu babu su, kuma labarin yadda hakan ta faru mai nauyi ne, kowa da yadda yake faɗarsa. Da muka juyo ya nuna min wani gini ya ce bayan yaƙi a nan manya suka taru suka yanke cewa ba za a raba ƙasarsu ba. Ban da girgizar ƙasa da ta sha rusa garin, su sake ginawa.

Washegari na je gidan Haji Dursun. Na durƙusa irin namu, Orhan ya raɗa min in kama hannunsa in sumbata in ɗora a goshi. Na yi. Tsohon ya murɗe min kunne har sai da na ga taurari, sannan ya sa min sukari a baki.

Ummi, bakina kika gado, kada ki musa. Ki yi wasa da kanki, da sanyinki, da karyayyen Turkancinki, za su so ki. Amma mamatan mutane ba abin wasa ba ne, ko sun shekara ɗari a ƙasa. In an zo kan tarihi, ki zama mai kunne. Ba a aike ki yanke hukunci ba, haƙori kika je koyo.

Yanzu ga wadda saboda ita na rubuta duk wannan.

Sanyi ba shi ne ya kusa kora ta daga Erzurum ba. Duhu ne da kaɗaici. A ƙarshen Disamba la'asar da magariba kamar sun riƙe hannun juna, kana sallame wannan ana kiran waccan. Komai fari, komai shiru. Na daina tsokanar kowa. Rannan na kira gida, Mamanki ta kara miki waya a baki, kika ce wani abu mai kama da "Ba." Wataƙila ma gyatsa kika yi. Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Na daina zuwa shago, na ce mura nake. Ina kwance ina kallon rufi, ina tuna rana a Kantin Kwari da ƙosan bakin layinmu. Wannan ita ce wautar, ki gane ta da kyau, don ba ta zuwa da kamar wauta. Zuwa take kamar hutu. Kullum ka ƙara kwana a ɗaki, ƙofar sai ta ƙara nauyi.

Na haɗa jakata. Na je gidan Usta da hantsi in yi sallama. Nene ta zuba shayi, na sha ɗaya, na kwantar da kofi. Na ce, "Usta, gida zan tafi. Garinku ya fi ƙarfina."

Ya daɗe yana kallon kofin. Shi da ban taɓa ganin ya taɓa butar shayi ba, ya miƙa hannu ya ta da kofin, ya karɓi buta daga hannun Nene, ya cika da kansa. Ya ce, "Na dole."

Ina sha ya ce, "Ban hana ka tafiya ba. Amma an riga an ba ka rabonka."

Na ce, "Rabon me?"

Ashe garin yana da wata al'ada tun kaka da kakanni. A tsakiyar sanyi, lokacin da ya fi tsanani, ake raba saukar Alƙur'ani dubu da ɗaya a kan mutanen gari, masallaci-masallaci, gida-gida, maza da mata, don roƙon Allah Ya tsare garin daga girgizar ƙasa da annoba da yaƙi. In an kammala a taru a babban masallaci a yi addu'a. Masu shagunan gininmu sun ɗauki nasu, suna zama bayan azahar, kowa da juzu'insa. Usta ya ce, "Na gaya wa liman ina da mai allo daga Kano. In ka tafi, saukarmu ta yi giɓi. Ka je ka gaya wa Haji Dursun da bakinka ya nemi wani, shi ne mai rabo."

Na ce zan karanta nawa a bas.

Ya ce, "Haji ba ya ganin rubutu yanzu. Kusa da kai ya ce a ajiye shi, ya saurara. Ko za ka tafi da shi bas ɗin?"

Na ce to, in gama wannan saukar in tafi. Aka gama, aka ɗauki wata, aka miƙo min nawa ba tare da an tambaye ni ba. Haji yana gefena, ido a rufe, in na ja muryar Kano ya ce, "Wannan karatu ne ko kiran shanu?" amma bai taɓa matsawa ba. Rannan na makara, sai ga sanda tana dukan ƙofata. Tsoho ya tako ƙanƙara har ɗakina, yana faɗa tun daga ƙasan bene. Washegari na cusa masa dunƙulen ƙanƙara a takalmi a ƙofar masallaci. Da ya zura ƙafa ya yi ƙara, ya biyo ni da sanda, Usta ya dubi Orhan ya ce, "Ya warke."

Ban san ranar da na kwance jakar nan ba. Yau in ciri safa, gobe in ciri riga, sai na ga babu komai a ciki. Aka yi addu'ar kammalawa, masallaci ya cika har waje, numfashin mutane yana tashi kamar hayaƙi. Bayan nan sanyi bai tafi ba, kada in yi miki ƙarya, ya ma ƙara. Amma rana ta fara daɗewa. Wata safiya na ji ƙarar ruwa a titi, gari duka yana ɗiga, ƙasa ta fito baƙa tana ƙamshi. Filin da ke ƙasan gari ya yi kore shar, shanu suka bazu, aka fara zama a waje ana cin wani nama da suke gasawa a kwance a gefen wuta, ɗan uwan balangu. Ko a tsakiyar zafinsu da bargo ake kwana. Na ƙara shekara a garin da ƙafata, ba wanda ya roƙe ni.

To ga abin da nake so ki yi, kuma a nan ba na wasa. Ki ɗauki rabo. Yanzu da kika sa takalmin nan lokacin saukar ya kusa. Ki tambayi matan masallacin kusa da ku, ki karɓi juzu'inki. Karatun da kika yi Asabar da Lahadi kina kumbure-kumbure a bayan motata, yau ga ranarsa. In ba wannan ba, ki ɗauki wani abu: girki da 'yan ɗakinku, bita da 'yan ajinku, ko rakiyar wata tsohuwa kasuwa. Ki zama wadda in ba ta zo ba za a buga mata ƙofa da sanda. Kada ki kwana biyu a ɗaki da waya a hannu kina kallon hotunan titin Elm Street na nan Greensboro. Yana nan, ba inda zai je.

Usta ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Haji Dursun ma haka. Nene tana nan, Orhan ne a shagon. Na gaya musu kina zuwa. Ki je, ki kama hannunta ki sumbata ki ɗora a goshi. Na kuma gaya mata kin fi ni son shayi. In kin riga kin je kafin ki sa takalmin nan, to Allah Ya ba ki haƙuri, banɗakin yana hannun dama.

Ki ji ni da kyau kan abu ɗaya. In ciwo ne, ko wani ya taɓa mutuncinki, ko kin ji zuciyarki ta yi duhun da ya wuce na kewar gida, kada ki jira Mamanki ta san yadda za ta yi da ni. Ni za ki kira. Zan ajiye mota a inda take, in sa dogon wandona, in zo da kaina. Amma in sanyi ne da duhun la'asar da kewar miyar kuka, to Ummi, na ga kin kwantar da kofi, ni kuma na ta da shi na cika. Wannan na dole ne. Ki sha.

Allah Ya ɗumama miki ɗaki da zuciya. Allah Ya tsare ki daga abin da ke faɗowa daga sama da abin da ke zamewa a ƙasa. Ya buɗe miki karatu, Ya ba ki abokan zama na gari, Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya dace, kina duba bakin mutane suna biyanki da godiya. Mamanki tana gaishe ki, ba ta san da takardar nan ba, ki kira ta ki ce kin sa takalmin, za ta gane sauran.

Babanki kuma ɗanki,
Sani

Af, ki duba takalmin dama. Baƙin carbin nan shi ne na farko da na huda da hannuna a wancan sanyin, shi ya sa ƙwayoyin ba su daidaita ba. Aro na ba ki. Ki dawo min da shi hannu da hannu bayan ƙanƙara ta narke. In kika kawo shi a Disamba, ba zan karɓa ba.